Kada Auta Ya Shigo Ajina

Zuwa ga ƙanena,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da iyali kuna cikin ƙoshin lafiya, Allah Ya ƙara rufa asiri. Mu nan ƙalau muke, sai gwiwar Yaya Babba da ke motsawa in an yi sanyi.

Maganar ɗana Auta ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ya gama sakandare, kwalejin fasaharmu kuma ta ba shi gurbi cikin na 'ya'yan ma'aikata, a sashena. Uwarsa har ta kai ɗinkin rigar aiki. Ni kuwa tun ranar abinci bai ƙara yi mini daɗi ba.

Ka san kwalejin nan tun tana rumfuna uku, ta kafinta, ta lantarki da ta kanikanci. Ka tuna yadda muke tashi hannu duk baƙin mai, malaminmu Mai Guduma yana cewa wanda ya koma gida da riga fes bai zo makaranta ba. To, an ci gaba. An canja mata suna har sau biyu, an yi bene, an yi ƙofar shiga mai tayil. Da ɗalibai suka yi yawa, sai aka yanyanka ɗakin injina aka yi ofisoshi. Babban injin yankan ƙarfe ya gagari ɗauka, aka zagaye shi da bulo. Yanzu a ofishina yake, ƙofar ta yi masa kaɗan, a kansa nake ajiye butar shayi. Walda kuwa da alli nake koyar da ita. In zana wuta a allo, yara cike da aji su kwafa, in ba su maki. Na yi magana a taro, shugaba ya yi dariya ya ce Baba ya tsufa, zamani ya wuce shi.

Ni ba inda za ni. Gidan da muke ciki na kwalejin ne, shekaru kuma sun ja, wa zai ɗauke ni? Amma ba zan iya tsayawa gaban ɗana riƙe da alli ba. Ka zo ka tafi da shi kafin a buɗe makaranta, ka sa shi a garejinka, kada ka raga masa don ɗan yayanka ne. Na tuntuɓe shi, ya sunkuyar da kai ya ce duk yadda na ce. Uwarsa ban gaya mata ba tukuna. Za ta daina yi mini magana, na sani, na kuma ɗauka.

Ka gaida Gwaggo da Kawu Dogo, da amaryarmu da 'yan biyunta. In za ka amsa, ka aiko ta ofis, kada ka aiko gida.

Naka,
Yayanka.