Sunan da Ke Jikin Injin

Kafanchan

Baban Milka,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ni da yara muna lafiya, in ka damu ka sani.

"Ranar da babban injin ya tashi, sunanki zan rubuta a jikinsa." Kai ka faɗa, Ezekiyel, a gaban 'yan zumuntar mata, ranar da za ka tafi aiki tashar wutar kwal ɗin nan ta bayan Gwantu. Shekara da shekaru ina karanta wasiƙunka, babu "yaya ƙafarki", sai megawat arba'in, sai kamfani na da kashi sittin, jiha na da sauran. Na haƙura.

Jiya maƙwabciyarmu Keziya ta nuna mini hoton bikin buɗe tashar, a ƙofar majami'a, tana murmushi. HULDA, da jan fenti a jikin injin, kowane harafi ya kai tsawon mutum. Ni malamar makaranta ce, na iya karatu. Wace ce Hulda?

Matarka a gaban Allah,
Emilia

Gwantu

Maman Milka,

Ina gaishe ki da yara, Ubangiji ya kiyaye ku.

Ki kwantar da hankalinki. Hulda tsohuwa ce mai dafa mana tuwo, ta yi jika. Al'adar ma'aikata ce su ɗaga hannu su zaɓi suna, ni kuwa hannuna ɗaya ne. Amma ban manta ki ba. Na sa sunanki a kan tukunyar tururi. Ita ke cin kwal, ita ke tafasa ruwan da ke juya injin. In ta huce, duk tashar ta mutu. Yaran aiki ma kan ce, "Ku matsa, Emilia ta ɗau zafi."

Yaya ƙafarki?

Mijinki,
Ezekiyel

Kafanchan

Baban Milka,

Na amsa gaisuwa.

Wato Hulda ce mai ba da haske, gwamnati ta ɗaura mata kirtani, ni kuwa ina baya ina cin baƙin dutse ina hayaƙi, ƙattai suna yi mini dariya. Sannu da ƙauna.

Na ba ka zuwa Lahadin godiyar kaka. In ban ga hoton gyara ba, Litinin zan hau motar Gwantu da gwangwanin fenti da tsanin makarantarmu. Ka gaya wa Mama Hulda ba ni da faɗa da ita. Kai ne za ka riƙe mini tsanin.

Ka huta lafiya,
Emilia