Takutahar Bana

Madabo, Kano
5 ga Safar

Zuwa ga Malam Ƙarami,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Ya ruwan Fatakwal? Mu ma damina ta yi albarka, sai dai katangar bayan gida da ta zube.

Kada ka yi dariyar rubutuna. Makarantar manya na shiga, don na gaji da faɗa wa wani abin da zai rubuta maka. A waya kuwa ka san halina, gaisuwa biyu sai in miƙa wa gwaggonka 'Yardada.

Ita ta nuna mini hotonka na bara, kana yanka kek, ka kifa wata hular takarda kamar mazurari. Wai ranar haihuwarka ce, a Satumba. To, ni dai ban san na haifi kowa a Satumba ba. Ranar Takutaha na haife ka, da hantsi, ana bikin sunan Annabi, gari duk ya nufi Dutsen Dala. Malamarmu ta duba kalanda, ta ce bana Takutaha da ranar taka ta boko a sati ɗaya suka faɗo. Ka guje mata shekara da shekaru, ga ta ta zagayo ta tarar da kai.

Shekara huɗu ke nan rabonka da gida. Ka zo mu yi Takutaha.

Mahaifiyarka,
Mero

Madabo, Kano
2 ga Rabi'ul Awwal

Zuwa ga Malam Ƙarami,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarku. Ni lafiya lau, ban da gwiwa.

Amsarka ta iso, amma ta bakin 'Yardada. Ta yi ta kwana-kwana, sai da na matsa ta faɗa mini. Ka ce Takutaha ranar babanka ce, ba taka ba. Ka ce tun tasowarka sadaka da hawaye ka sani a ranar, kuma ba ka taɓa jin sunanka a bakina ba.

Bari ka ji yadda aka yi. Da hantsi ka zo, aka kai ka ɗakin Malam, babanka, yana jinya, ya ɗora hannu a kanka ya yi addu'a. Da la'asar ya cika. Masu ɗauke da makara sai da suka riƙa kutsawa cikin masu sabbin kaya. Ranar sunanka aka yi sadakar bakwai, masu barka da masu ta'aziyya a tabarma ɗaya. 'Yan'uwansa suka mayar maka da sunansa. Na haɗa jego da takaba, ina 'yar shekara goma sha tara.

Ga ka ɗan fari, ga sunan miji. Ta ina zan kira ka? Haka na ga uwata ta yi da yayana, na ɗauka duk ɗa ya san kunya ce, ba ƙiyayya ba. Ashe kai ba ka sani ba, ni kuma ban faɗa ba.

Ka tuna wainar da 'Yardada take kai maka soro duk Takutaha, mai zuma, ta ce ita ta toya? Gwaggonka ko kunu ba ta iya damawa. Ƙulli biyu nake yi. Na Malam a raba sadaka, naka in ba ta a ɓoye, in laɓe bayan labule ina kallonka kana lashe yatsu. Shekara huɗun nan ma ban fasa ba. Sai in toya, in zuba zuma, in rasa wanda zan ba.

Ina kewarka, har nakan yi zaton sallamarka ce in wani ya shigo soro. Saura kwana goma sha bakwai. Na sayi zuma a kasuwar Kurmi.

Sunan nan na gwada shi a ɗaki ni kaɗai, bakina ya ƙi. Shi ya sa na shiga makaranta. Shi na fara cewa malama ta koya mini, tun kafin nawa.

Ka gaida mai ɗakinka da jikata.

Mikail, ka zo gida.

Ni ce mahaifiyarka,
Mero