Gayyar Baba da Sandunan Golf

Zuwa ga Inusa, sanyin idona, inuwar da nake fakewa in rana ta take, ruwan farko da ya sauka a zuciyata har ta yi tsiro. Ina gaishe ka gaisuwa mai tarin yawa, ko da yake cikin fushi nake rubuta ta.

Da gangan na ƙi kiran ka a waya. Na san halina, da na ji muryarka sai in yi laushi in manta laifinka, kai ma ka san haka, shi ya sa kake fara magana da dariya. Yau ba za ka yi mini dariya ba, karantawa za ka yi.

Labari ya iske ni har Jiratawa cewa biza ta fito. Ranar Juma'a za ka kama hanyar Yamai, daga can ku hau jirgi kai da patoronka, maigidanka Alhaji Bilal, ku tafi Maroko buga golf, wasan nan na ƙwallo da sanda. Ƙanwarka Salima ta ce walis, akwatin tafiyarka, na nan buɗe a tsakar ɗakinka a unguwar Zariya ta Maradi: farin wando, hula hana-salla, takalmi mai ƙusoshi a ƙasa, da safar hannu guda ɗaya tak, sai ka ce ɓarawo ya gudu da 'yar'uwarta. Ta ce jakar sandunan ta kusa kai maka kafaɗa, kuma kullum sai ka zaro su ɗai-ɗai ka goge da tsumma mai laushi. Masoyina, yaushe rabon da ka dube ni irin kallon da kake yi wa sandar ƙarfe?

Asabar ce gayyar Baba. Kai ka sa ranar da bakinka, a zaurenmu, kanka a sunkuye, ka ce za ka kawo abokanka ku dasa masa albasa kamar yadda duk mai neman 'yar gidan nan yake yi. Ka san Baba ba rasa ma'aikata ya yi ba. So yake mutanen gari su ga bayan surukinsa a duƙe cikin gonarsa kafin ya ba shi 'ya. An aika wa baffannina na Tsibiri, an gaya wa makaɗi, Inna ta tanadi geron fura.

Da ma tafiyar ce kaɗai, da na haɗiye. Amma ka tuna zuwan da ka yi makon jiya? Baba ya hango ka a kan motonka, fuskarsa ta washe, ya zaci gona ka zo dubawa. Ashe wurin gwajin hannu kake nema, don duk Maradi ba ka samu ƙasa koriya shar, shimfiɗaɗɗa, irin wadda ka gani a wayarka ba, sai fangalin irin albasarmu. Ka tsaya a tsakiya, ka gyara ƙugu, ka dinga kai wa 'yar ƙwallon nan mai kama da ƙwan zabo duka. In ka kuskure ta, sai sanda ta ɗebo ƙasa da iri ta watsar. Irin da za ka dasa ranar Asabar shi ka tuttuge, kana tambayar mutane ko sun ga inda ƙwallo ta faɗa. Bayan ka tafi Baba ya durƙusa yana mai da su ɗaya bayan ɗaya da yatsunsa, ni kuma ina tsaye kunya kamar ta kashe ni.

Sai ga saƙonka jiya, wai za ka turo 'yan ƙwadago cikin kamyo, babbar mota, su yi aikin a madadinka. Inusa, 'yan ƙwadago zan aura? Baba ya kira ni ya gaya mini a natse: in aka shiga gona ranar Asabar babu kai, goro da kayan da danginka suka kawo za su koma inda suka fito. Ban taɓa jin ya faɗi magana ya janye ba.

Ba na musun abin da kake nema. Na san ka ce manyan 'yan kasuwa a kan ciyawar filin golf suke ƙulla zance, kuma Alhaji na duba wanda zai riƙe masa sabon kanti. Ina so ka samu, wallahi ina so. Amma ni na san wani Inusa, wanda motonsa ya mutu a bakin magudanar ruwa, ya gan ni ina kokawa da murfin ruwa ya ƙi buɗuwa, ya tuɓe takalmi ya naɗe wando ya tsunduma cikin taɓo har gwiwa. Ruwa ya ɓalle ya jiƙa maka riga, muka yi ta dariya har na ji ciwon ciki. Ranar na so ka, da taɓon da komai. Ina ka kai shi?

Ina roƙon ka, hasken raina, ka je wurin Alhaji ka gaya masa gaskiya. Ɗan ƙasar nan ne, ya san gayya, wataƙila shi ma ya yi wa surukansa. Ka bi shi daga baya, ko ka bar jirgin ya tashi. Maroko ba za ta gudu ba.

Ga abin da zan yi. Ranar Asabar da hantsi zan ɗauko ƙwaryar fura in nufi gona, kuma ka san al'adar gidanmu, ba na sauke ta gaban kowa sai kai. In ba ka nan, ba zan miƙa wa abokinka ba, ba zan mai da ita gida ba. Zan tsaya da ita a kaina a bakin fangali, gaban Baba da baffannina da duk Jiratawa, har rana ta faɗi. Ko an mai da kayanka, babu wani namiji da zan sauke wa, bana ko baɗi.

Taka, cikin fushi da amana har ƙarshen numfashi,
Zuliha