Keken Kawu Sale a Hawan Tudu

Assalamu alaikum Yaya Habibu,

Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya, kai da Anti Rabi da yara. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Inna na gaishe ka, ƙafar tata ta yi sauƙi.

Yaya, ranar Talata mutanen daji suka ɗauke Kawu Sale. Yanzu ba mai shiga gona da babur, ƙararsa ce ke kiransu. Keke muke hawa, mun cire ƙararrawa, muna shafa wa sarƙa man gyaɗa don kada ta yi kuka. Ta bayan rafi muke zagawa ko da ta fi nisa, domin a hanyar tudu dole ka sauka ka tura, ana hango ka daga nesa. Ran nan da za mu gona na ce, "Kawu, mu zaga." Ya ce, "Kai dai zaga. Kafin ka iso birai sun cinye mini masara."

Da la'asar muka tarar da kekensa a tsakiyar hawan tudun, jingine da bishiya, buhun masara ɗaure a baya. Kawu bai faɗi ba, bai gudu ba. Kiransa aka yi, ya sauka ya jingine shi da kyau kamar zai dawo. Sawun babura uku ya yi yamma.

Har yau ba su kira ba. Matarsa ta hana a kwance buhun, wai shi zai kwance da hannunsa.

Ka gaida su Malam, ka sa a yi wa Kawu addu'a a masallacinku. Ni ma ka saka ni ciki, don sauran masarar tana gona, kuma ni kaɗai na rage da zan ɗauko ta.

Ƙaninka,
Musa