Teburin da babu

Laraba, bayan isha'i

Yau muka je Unguwar Rogo, ni da Malam Bello abokin aikina a sashen ilimin ƙasa. Wani saƙo ne ke yawo a waya wai za a yi girgizar ƙasa, matan Islamiyya suka ce mu zo. Na ce musu ƙasar Sakkwato a kwance take, saƙon ƙarya ne, amma sanin abin yi ba ya ɓaci. Na ɗaga hoton nan da na daɗe ina ɗagawa: in ƙasa ta motsa, ki durƙusa, ki shige ƙarƙashin tebur, ki riƙe ƙafarsa.

Wata tsohuwa ta ce, "Ɗiyata, wanga tebur, ku za ku raba muna shi? Mu tabarma gare mu."

Aka yi dariya. Ban yi ba, ban kuma ji kunya ba. Hoton kawai na tsaya ina kallo. Malam Bello ne ya karɓe maganar, ban san me ya ce ba.

Da na dawo na shiga gaida Inna. Tana kwance inda ta saba, gindin kabad ɗinta mai cike da kwanonin jere har sama. Babu tebur a ɗakin. Ban taɓa lura ba.

Ta ce, "Lafiya kika tsaya?"

Na ce lafiya lau. Ko kwano ɗaya ban sauke ba.

Gobe muna Ƙofar Dundaye. Hoton na cikin jakata.