Zabuwar da Ta Kasa Kiran Ɗanta

Assalamu alaikum, Hajiya Ikilima. Don Allah ki taimake ni da shawara, na yi abin kunya, na rasa wanda zan gaya wa.

Ni tsohuwar malamar firamare ce a Daura, har da jikoki. Bara ɗana na fari ya rasu a hatsarin babur a hanyar Mashi. Kin san yadda muka taso da ɗan fari. Ana yaye shi surukata ta ɗauke shi zuwa garin Babban Mutum, can ya girma. Ban taɓa kiran sunansa ba, sai dai in ce yaron nan. Ranar da zai yi tafiyar ma ya shigo sallama, ina tare da baƙi, na kau da kai kamar yadda na saba. Da aka kawo labari ban yi kuka ba. Masu gaisuwa suka yi ta yabon haƙurina, ni kuwa tun ranar kamar an ɗora mini turmi a ƙirji. Ba barci, ba cin abinci.

Autata Murjanatu ta matsa ta kai ni asibiti. Aka auna, aka ce ba ciwon zuciya ba ne, aka tura ni wurin wata ma'aikaciya mai kula da masu damuwa, Zaituna, wadda a haife na haife ta. Zama biyu ina ce mata lafiya lau. A na uku sai ta ce in bar maganar kaina, in yi mata tatsuniya. Na ji haushi ƙwarai. Tatsuniya da rana tsaka, da furfurata? Mu da aka ce mana mai yin ta da rana ɓata yake a hanya.

Don dai in rabu da ita na fara, kuma ban san daga ina labarin ya fito ba. Na ce wata zabuwa ce aka ɗauki ƙwanta aka sa wa kaza ta ƙyanƙyashe. Kullum tana kan danga tana kallon ɗan yana bin kaza, ba ta taɓa kiransa ba don kada a ce ta cika son ɗa. Rannan ta hango inuwar shirwa tana sauka. Hajiya, da na zo nan sai na ji bakina ya ce zabuwa ta so ta ƙwala wa Badaru kira. Sunansa ke nan. Na fashe da kuka har ɗankwalina ya faɗi, majiyyata a waje suna ji. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Abin da ya fi ba ni kunya, daga ranar na fara samun barci. Shin na kasa tawakkali ne? Ko hankalina ne ya fara taɓuwa? Ranar Alhamis ya kamata in koma, amma na ce wa Murjanatu na warke. Ba na jin zan iya haɗa ido da yarinyar nan Zaituna.

Daga Uwar Wani, Daura.

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba ki haƙuri.

Hankalinki ƙalau yake. Wanda ya taɓu ba ya shirya labari mai kai da gindi irin wannan. Tawakkalinki ma bai rage ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye da ɗansa ya rasu. Abin da aka hana shi ne kururuwa da maganar saɓo, ba ki kuwa yi ko ɗaya ba.

Ba zan zagi al'adar kara ga ɗan fari ba. Da ita aka raine mu, kuma da ita kika bar wa surukarki yaro ba tare da gori ba. Amma an yi ta ne don idon jama'a, ba a yi ta don ta kwantar da uwa ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Zaituna ba raina ki ta yi ba, aikinta ta sani. Abin da baki ya kasa faɗa da sunan mutum, yakan iya faɗarsa da sunan tsuntsu, iyayenmu mata kuwa sun daɗe da sanin haka. Batun ɓata a hanya, ai ga shi kin koma gida lafiya har kin yi barci. Ki kuma lura, zabuwarki ba ƙin ɗanta ta yi ba, kullum tana kan danga. Ko da kin ɗago kin kira shi ranar nan, ajali ba ya fasawa.

Ki gaya wa Murjanatu gaskiya, ta raka ki ranar Alhamis. Kada ki damu da ido, kukan manya ba baƙo ba ne a ɗakin nan. Kin bar zabuwa a kan danga, ki je ki sauko da ita.

Allah ya ba ki lafiya. Allah ya jiƙan Badaru. In kin idar da salla, ki roƙa masa gafara da sunansa, a bayyane.