Kazarki Ta Koma Hular Kwano

Maman Hanan,

Na tahi Aliero ɗaukar albasa, ban iya jiran dawowarki daga bikin Maiyama ba.

Albishirinki! Mashin ɗina na shiga daji da ya karye, ni da Tamu makanike mun cire injinsa, mun ɗora kan tsohon bodin mashin ɗin Baba da ke bayan rumbu. Bugu ɗaya ya tashi.

Sai dai ki yi haƙuri, ashe kazarki a gurbin injin tsohon bodin take kwanci. Ko ƙwai ɗaya bai fashe ba. Na jera su cikin hular kwanona, ta caccake min hannu, sannan ta haye abinta.

Ki aje mata ruwa kusa, kada ki tashe ta. Hular tata ce har ta ƙyanƙyashe.

Rilwanu